Zalɓen Yaya da Gansakukar Auta

A tsohon lambun gidan ruwa, wanda aka mayar wurin shaƙatawa bayan an gina sabuwar matata a bayan gari, akwai wani ma'aikaci da kowa ke kira Mai Zalɓe. Sunansa na yanka yana nan a jikin katin aiki, amma ko matarsa in ta so zolaya da wannan take kiransa, shi kuwa ko a jikinsa, don ya fi masa daɗi a kunne. Dogo ne siriri mai dogon wuya. In ya tsaya a bakin ruwa ya harɗe hannuwa a baya, sai ka rasa wanda ya koya wa wani tsayuwa tsakaninsa da tsuntsun.

Shi ne babba a ɗakinsu, kuma ya sha wuyar zama babba. Tun yana ƙarami maganar da ya fi ji a bakin mahaifiyarsu ita ce, kai ne babba, ka yi haƙuri. Shi ne ɗebo ruwa, shi ne aike, shi ne riƙe ƙanne. Can daga baya aka haifi Auta, wani kumatu-kumatu mai son barci, sai duk gidan ya koma kansa. Mai Zalɓe yana yawan ba da labarin ranar da ya hau mangwaro, tururuwa na cizonsa, ya girgiza reshe, nunannen da ya fi kowane girma ya faɗo daidai gefen Auta da ke kwance a gindin bishiyar. Auta ya buɗe ido ɗaya, ya ɗauka, ya ci, ya koma barci. Yakan ba da labarin yana dariya, amma duk wanda ya kula zai ga dariyar ba ta wuce leɓe.

Da tsintsiya ya shigo lambun yana saurayi. Shara, yankan ciyawa, tsince ledojin da masu yawo ke watsarwa, wanke kujerun siminti. A tsakiyar lambun akwai babban tafki mai bangon kankare, mai zurfi, wanda ba abin da ke cikinsa sai kwale-kwalen haya. Amma can gefe, bayan wani shingen itatuwa, akwai wata 'yar kusurwa da ruwa ke kwanciya iya idon sawu, ga ciyawar ruwa, ga kwaɗi, ga 'yan kifaye ƙanana. Ko da rani ba ta bushewa. A nan wata safiya ya tarar da zalɓe ya sarƙe da zaren ƙugiya, yana ta fafutuka. Ya tuɓe rigarsa ya rufa masa a ka, ya warware zaren, tsuntsun kuwa ya saka masa da sara a gira, tabon yana nan har yau. Zaren ya riga ya cinye rabin yatsan tsakiya na ƙafar hagun tsuntsun. Da zalɓen ya warke sai ya mayar da kusurwar wurin farautarsa, kuma duk duniya mutum ɗaya yake bari ya matso kusa.

Daga nan rayuwarsa ta canja. Manaja ya lura mutane na tsayawa kallo, sai ya karɓe tsintsiyar ya ba shi madubin hangen nesa da usur. Usur ɗin bai taɓa busawa ba. Motocin makaranta suka fara zuwa da sassafe. Yakan jera yara a bayan shinge, ya ɗaga yatsa ɗaya, sai ka ji tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Zalɓen na tsaye, wuya a lanƙwashe, ya yi kamar ya manta da duniya, can sai ya cafko kifi kafin a ƙifta ido. Yara su saki numfashi, Mai Zalɓe ya juyo yana murmushi kamar shi ya kama. In an tambaye shi daga ina ruwan kusurwar ke zuwa, sai ya ce maɓuɓɓuga ce, ikon Allah. Bai taɓa dubawa ba. Mutum ne da idonsa ke kan tsuntsu kullum, ƙasa kuwa ta takawa ce kawai.

Shi ya samo wa Auta aiki a lambun, bayan mahaifiyarsu ta hana shi sakat. Aka ba Auta ɗakin inji, wani tsohon gini a lungu kusa da ban ɗaki, inda bututun ban-ruwa suka ratsa. Aikinsa ya kunna inji, ya kashe, ya tsabtace wurin. Akwai wata mahaɗar bututu da ke yoyo tun zamanin da, ruwan na bin bangon baya dare da rana yana gangarawa cikin kwata mai rufin siminti. Bangon ya yi kore shar da gansakuka. Mai Zalɓe ya yi faɗa har ya gaji. Ya saya wa Auta buroshin ƙarfe, ya nuna masa inda sifana take, ya ce masa yana zubar masa da mutunci a gaban Manaja. Duk lokacin da Auta ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya katse shi, ya ce ba ya son jin uzurin malalaci. Auta ya sosa ƙeya ya ce to Yaya, ya koma kan bencinsa a inuwar bangon, inda ya ce ya fi ko'ina sanyi.

Haka aka yi ta tafiya har shekarar da wata malamar jami'a ta zo da ɗalibanta don su ƙidaya halittun da ke lambun. Mai Zalɓe ya sa matarsa ta goge masa yunifom har karin wandon ya yi kaifi. Ya kai Malama bayan shinge, ya ɗaga yatsa, zalɓen ma bai ba shi kunya ba, ya cafko kwaɗo a gabanta. Ta ce masha Allah, ta yi ɗan rubutu, sannan ta tambayi inda ban ɗaki yake. Ya nuna mata hanya ya tsaya jira, yana shirya sauran labaran da zai ba ta.

Shiru-shiru ba ta dawo ba. Da ya bi sawu sai ya tarar da ita durƙushe a cikin caɓi da kayanta masu kyau, ta manna wani ɗan gilashi a ido, hancinta na kusan taɓa bangon. Auta na tsaye a gefe da shatin benci a kumatu, yana ta ba da haƙuri, yana cewa gobe-goben nan zai kankare. Malama ta juyo ta ce in ya taɓa bangon nan ita da shi ne.

Bayan wasu makonni ta dawo da mutane cike da mota. Ashe abin da Mai Zalɓe ya yi shekaru yana kira ƙazanta ba irin koren da ke taruwa a kan ruwa ba ne. Wata irin gansakuka ce mai 'yan ganyayyaki da ido ba ya gani sai da gilashi, kuma wuraren da aka san tana fitowa ba su taka kara sun karya ba. Tana son tsohon bango, da inuwa, da ruwan da ba ya yankewa, da kuma mutumin da zai ƙyale ta. Duka huɗun ta samu a wurin Auta. Aka kewaye bangon da igiya. Masu ɗaukar hoto suka zo, aka sa wa Auta sabuwar hula, aka rataya masa gilashi a wuya, wani ɗan jarida ya rubuta cewa ya shafe shekaru yana gadin wannan taska. Mai Zalɓe ya karanta ya ce gadi kam an yi shi, da munshari.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne allon da aka kafa a bakin ƙofa don yara su koyi yadda ake rarraba halittu. An raba shi biyu. A hagu hoton zalɓe: dabba, mai ƙashin baya, ajin tsuntsaye, dangin masu dogayen ƙafafu da ke farauta a ruwa. A dama hoton gansakuka: tsiro, ba fure, ba 'ya'ya, ba saiwar kirki. Har nan Mai Zalɓe bai da ja, don ko makaho ya shafa ya san wanda ya fi. Amma a ƙasa an ja layi an rubuta halin da kowanne ke ciki. Ƙarƙashin zalɓe, da koren fenti, ba ya cikin haɗari. Ƙarƙashin gansakuka, da jan fenti da manyan baƙaƙe, tana cikin haɗarin ƙarewa. Kowa ya shigo, jan yake fara gani. Kullum da safe sai Mai Zalɓe ya tsaya ya karanta allon, kamar mai taɓa haƙorin da ke ciwo da harshe.

Ya kasa haƙuri ya tari Malama. Ya tambaye ta, cikin ladabi, yadda aka yi abin da ke tashi sama, mai ido da jini da wayo, ya koma bayan abin da ko motsi ba ya yi. Ta yi dariya ta ce ai ba jarrabawa ba ce, babu na ɗaya babu na biyu, koren rubutun nan albishir ne. Irin zalɓensa suna nan birjik a ƙasashe da yawa, duk inda ruwa ya kwanta za ka gan su, in nan ya ƙi musu su tashi su koma can. Ita kuwa wannan ba ta da ƙafa ba ta da fiffike, in bangon ya tafi ta tafi.

"Wato Malama," in ji shi, "wanda ya iya neman na kansa shi ne ba a damu da shi ba."

Ta ce ba haka take nufi ba, amma ya riga ya ji abin da ya ji, don maganar ba baƙuwarsa ba ce. Ita ce dai kai ne babba, an rubuta ta da fenti.

A gida ma bai tsira ba. Mahaifiyarsu a wurinsa take zaune, shi ne cinta, shi ne maganinta, amma hoton Auta da aka yanko daga jarida shi ta sa aka manna mata a saman gado. Duk baƙuwar da ta shigo sai an nuna mata. Tana cewa ita dama ta san yaron nan mai sanyin hannu ne, komai ya taɓa sai ya yi albarka. Mai Zalɓe ya ce ai Inna matsalar ke nan, bai taɓa ba. Ta ce ya ji da shi, baƙin ciki ba ya yi wa babba kyau. Matarsa kuwa cewa ta yi ya kwantar da hankalinsa, in so yake a sa shi a jarida, ita za ta daina wanke bayan randa, wata uku ya isa. Ya kalle ta bai yi dariya ba. Kishi yake, kishi na gaske, irin wanda ke hana abinci wucewa, kuma ya san kishin yake, abin da ya ƙara masa haushi ke nan.

Sai Manaja ya canja hanyar zagaye. Yanzu yara na sauka daga mota sai bangon Auta, su yi layi, kowa ya leƙa ta gilashi. Kafin a gama rana ta take, zalɓen ya ƙoshi ya koma kan bishiya, yaran kuma sun gaji suna neman ruwan sha. Mai Zalɓe ya ɗaga yatsa, babu mai kallonsa. Auta kuwa bayaninsa bai wuce, ga ta nan, kada ku taɓa. A kan wannan ake tafa masa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ana cikin hutun makarantu, zafi ya tsananta, aka gayyaci lambun wani taro a wani gari mai nisa. Manaja zai je, Malama za ta je, kuma aka ce a taho da mai gadin gansakuka. Auta da bai taɓa kwana a otal ba ya zo aron jaka wurin yayansa. Manaja ya kira Mai Zalɓe ofis ya miƙa masa makullin ɗakin inji, ya ce tunda babu yara, ya bar tsuntsun nan haka ya koma ya tsare bangon har su dawo, don tsuntsu ba ya buƙatar gadi. Ya karɓi makullin da hannu biyu ya ce an gama, ranka ya daɗe.

Ranar da suka tafi, da rana tsaka, ya zauna a bencin Auta yana kallon bangon. Gaskiya wurin akwai sanyi, wannan ma ya ba shi haushi. Ya ji ƙarar ruwan na gangarowa, sai wani tunani ya zo masa sumul kamar dama yana laɓe. An ce kada a taɓa gansakuka, to ba zai taɓa ba. Amma wa ya ce kada a gyara bututu? Ruwan gwamnati na zuba a banza shekara da shekaru, ana fama da zafi, mutane na layi a famfo. In ma an tambaya, gyara ya yi. Ya buɗe ɗakin, ya ɗauko sifanar da ya sha nuna wa Auta, ya ɗora a kan mahaɗar. Ya yi zaton tsatsa ta cinye ta, sai ya ji ta juya cikin sauƙi kamar wadda ake shafa wa mai. Bai tsaya tunanin dalili ba. Ya ɗaure tam, ƙarar ruwan ta ɗauke, ya fito yana goge hannu.

Kwanakin da suka biyo baya, a karo na farko tun da ya warware zaren nan, ba kusurwa yake fara zuwa da safe ba. Bango yake zuwa. Ya ga koren ya fara dushewa daga sama, ya koma ruwan ƙasa, 'yan ganyayyakin suka nannaɗe, wurin ya zama kamar tsohon buhu. Yakan sa gilashin da Auta ya bari ya leƙa, ya ji wani daɗi mai ɗaci na ratsa shi. Yana hango kan zalɓen ta saman shinge, ya ce a ransa, bari in gama da nan, kai ai ba ka cikin haɗari. Sau ɗaya ya leƙa ya ga ruwan kusurwar ya ja baya, ya ce zafi ne.

Wari ne ya kai shi. Wata safiya iska ta kaɗo masa ƙarni, ya zagaya shingen, ya tsaya cak. Kusurwar ta zama taɓo mai tsattsagewa. 'Yan kifayen sun bushe a kwance, tururuwa ta yi musu layi, ciyawar ta kwanta. Ga sawun zalɓe nan a kan taɓon, na hagu da guntun yatsa, ya zagaya ya zagaya inda ruwan ƙarshe ya tsaya. Ya duba bishiyar da yake hutawa, ya duba bakin babban tafki, ya ɗaga madubi ya share sama. Babu.

Ya durƙusa yana neman idon maɓuɓɓugar da ya yi shekaru yana gaya wa yara, ko wani abu ya toshe ta. Ya tona da hannu a gindin shinge, sai yatsunsa suka ci karo da siminti. Bakin kwata ne, ciyawa ta rufe shi. Ya ɗaga murfin farko, a bushe. Ya kutsa ta cikin shingen, ƙaya na yagar yunifom, ya ɗaga na biyu, ya ɗaga na uku. Haka ya yi ta bin kwatar da rarrafe, ta bayan kujeru, ta gefen ban ɗaki, har ya ɗago kai ya ga kansa a ƙarƙashin igiya, a gindin bangon Auta. Ya daɗe a durƙushe a wurin. In za ka gina ramin mugunta, aka ce, gina shi gajere, shi kuwa nasa ya gina shi daga wannan bango har ƙarƙashin ƙafar tsuntsunsa.

Yana cikin ɗakin inji da sifana a hannu, ya kwance mahaɗar ruwa na fesowa a fuskarsa, ya ji an ajiye jaka a bakin ƙofa. Auta ne, sun dawo. Ya kalli bangon, ya kalli sifanar, ya kalli yagaggen wandon yayansa. Ya karɓi sifanar ya mayar da mahaɗar baya kaɗan, ya saurara, ya ƙara kaɗan, har ƙarar ta koma yadda take a da.

"Nan ne daidai, Yaya," in ji shi. "In ya fi haka Manaja zai gani a mita, in bai kai ba kusurwarka ba ta cika."

Mai Zalɓe ya ji kamar an mare shi. Ya tambaye shi tun yaushe ya sani.

Auta ya sosa ƙeya. Ya ce tun makonsa na farko. Ya ɗaure ta kamar yadda Yaya ya ce, sai ya ga ruwan wajen tsuntsun na ja baya, ya bi kwata ya gane, ya dawo ya sassauta. Tun daga nan yake ɗan shafa mata mai kada ta ci tsatsa ta toshe. Ya so ya faɗa, ba sau ɗaya ba.

"To bangon fa? Shi ma don ni ka ƙi wankewa?"

"A'a Yaya, wannan kam ƙyuya ce. Abin da zai sake jiƙewa gobe, wa zai wahala?"

Da a ce Auta ya zage shi, ko ya kai ƙara, da ya fi masa sauƙi. Amma da Manaja da Malama suka iso, Auta ya ce bututu ne ya toshe saboda zafi, Yaya ne ma ya gano ya buɗe. Manaja ya yaba wa Mai Zalɓe, ya ce ga amfanin tsohon hannu. Ya tsaya ya karɓi yabon kamar mai haɗiye ƙaya. Sai ya tarar yanzu har kyawun zuciyar Auta yake kishi, don shi da ya yi ta wahala da gumi tun yana yaro bai taɓa samun irinta ba, wannan kuwa ya same ta a kwance, kamar mangwaron nan.

Ana cikin haka Malama ta ce su zo su gani. Inda ruwan ya fara bi, buhun nan ya fara motsi. Ganyayyakin suna warwarewa a gaban idonsu, koren na dawowa yana bin sawun ruwan, kafin la'asar rabin bangon ya farfaɗo. Ta ce haka irinsu suke, in ruwa ya yanke sai su yi kamar sun mutu su jira, in dai bai daɗe ƙwarai ba. Ta ɗauki hotuna tana murna, ta ce wannan ma abin rubutawa ne. Aka sake sa Auta a jarida. Hassada ga mai rabo taki ce, kuma wannan karon Mai Zalɓe da hannunsa ya ɗauko takin ya zuba.

Kusurwar ta cika a hankali. Kwaɗi suka dawo, Auta ya kamo 'yan kifaye a bokiti daga babban tafki ya zuba ba tare da an sa shi ba. Mai Zalɓe ya koma tsayuwarsa ta da, tun kafin a buɗe ƙofa, hannuwa a baya, ido a sama. Ya rame. Matarsa ta daina zolaya, ta fara sa masa abinci a jaka tana cewa ko ba ya ci ya riƙe. Malama ta same shi a wurin wata rana, ta ga halin da yake ciki, ta so ta lallashe shi. Ta ce kada ya damu, ai ta gaya masa, irinsu suna da yawa, tunda ruwa ya dawo wani zai zo.

"Malama, ku iri kuke ƙirgawa," in ji shi. "Ni guda ɗaya na sani."

Allonta kam ba shi da layin wannan.

Maganarta kuwa ta tabbata. Bayan an koma makaranta, wata safiya mota ta sauke yara, sai ga zalɓe ya sauko daga sama ya dira a tsakiyar kusurwar, fari da toka-toka, dogo, kyakkyawa. Mai yankan tikiti ya rugo yana cewa tsuntsun Mai Zalɓe ya dawo. Manaja da kansa ya fito daga ofis, ya ce yau a fara da nan, bango ya jira. Yara suka jeru a bayan shinge. Auta ma ya baro bencinsa ya zo ya tsaya a bayan yayansa, da gilashinsa a wuya.

Mai Zalɓe ya ɗaga madubi. Tsuntsun ya taka a hankali, ya ɗaga ƙafar hagu daga ruwa, ya riƙe ta a sama kamar yadda suke yi. Yatsun nan cif, dogaye, babu wanda ya guntule. Ya sauke madubin. Ya matsa taki ɗaya gaba, inda ya saba tsayawa, sai tsuntsun ya miƙe wuya ya ja da baya, ya buɗe fiffike zai tashi. Mai Zalɓe ya dawo da ƙafarsa bayan shinge, cikin yara.

Auta ya matso ya yi ƙasa da murya. "Yaya, shi ne?"

Mai Zalɓe ya rataye madubin a wuya. Wata yarinya ta ja masa riga ta tambaya ko gaskiya ne tsuntsun ya san shi, don haka malaminsu ya ce. Manaja na murmushi, mai tikiti na murmushi, kowa na jiran Mai Zalɓe ya yi abin da ya saba. Ya shafa tabon girarsa, ya dubi ruwan da ke shigowa ta gindin shinge daga bangon ƙaninsa. Sannan ya ɗaga yatsa ɗaya, yaran suka yi tsit, ya tsaya tare da su daga nesa yana kallon baƙon tsuntsu na cin kifi a kusurwarsa.